Tsohon babban babur mai araha: zai kai ni da iyali Ngaundare?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Garwa, iyayen mai ɗakina kuma suna Ngaundare. Na daɗe ina hawan Boxer. Kwanan nan wani ya nuna min babban babur, Honda Pan European ST1100 ƙirar 1994, wanda aka shigo da shi daga Turai, ya ce in ba shi sefa miliyan ɗaya. Kujerarsa faffaɗa ce, yana da akwatuna biyu a gefe, kuma an tayar da injin a gabana ya tashi lafiya. Burina in riƙa goya mai ɗakina mu je ganin gida ba tare da zaman jiran motar ajans, wato motar kamfanin sufuri, ba. In saya ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya ta sada zumunci. In na fahimce ka, so kake ka san ko babur da ya haura shekara 30, wanda aka ƙera domin titunan Turai, zai iya ɗaukar ka kai da iyalinka kusan kilomita 280 zuwa Ngaundare ya dawo da ku lafiya, kuma ko miliyan ɗayan nan ita ce iyakar abin da zai ci maka. Sana'ata gyaran babura ce, manya da ƙanana, kuma irin wannan mashin yana shigowa garejinmu. Sai dai ban ga naka da idona ba, ban kuma ji kukan injinsa ba. Abin da zan faɗa maka game da irinsa ne. Hukuncin wannan ɗaya da aka nuna maka sai an cire masa robobi an leƙa ciki.

Wane irin babur ne, me ya sa ya yi araha

Kamfanin Honda ya ƙera ST1100 daga 1990 zuwa 2002. Injinsa silinda huɗu ne, kusan cc 1,100, ruwa ke sanyaya shi. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce da muke kira kardan take juya tayar baya. Tankinsa na cin lita 28. 'Yan sanda a ƙasashen Turai da dama sun yi aiki da shi saboda juriyarsa, kuma inji ne da in an kula da shi yakan wuce kilomita 200,000 ba a buɗe cikinsa ba. Mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba in ya ce babur ne na gaske. A wajen goyo kuwa, samun kujerar da ta fi tasa daɗi a wannan kuɗin zai yi wuya.

Arahar tasa tana da dalili. A Turai, kuɗin hannun makanike ya fi kuɗin tsohon babur. Mai shi zai hau shi har lokacin da manyan gyare-gyare suka taru, taya ta ƙare, bel ya tsufa, shok ya saki, sai ya lissafa ya ga gyaran ya fi darajar mashin ɗin, ya sayar wa masu lodin kwantena. Daga nan ya biyo ta Duwala ko Kwatano ya iso mana, an wanke shi yana sheƙi. Gyaran da Baturen ya guje wa yana nan bai je ko'ina ba, kai ne za ka gaje shi. Sha'anin kamar na doki ne: ba kuɗin saye ke kayar da mutum ba, harawa da dusa ne na kowace rana.

Nauyi da hanyarmu

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne nauyi. Boxer ɗinka bai kai kilo 125 ba. Wannan, da mai a tanki, ya kai kilo 300. Ɗora kanka, ɗora uwargida, ɗora tsaraba a akwatuna, kun doshi kilo 450 ko fiye. A kan kwalta mai kyau, da zarar ya fara gudu nauyin sai ya ɓace, ka ji shi kamar an ɗora shi a kan layi. Matsalar tana wurin tafiya a hankali: lungun unguwa mai yashi, shan kwana a ƙofar gida, tsayawa a shingen jandarma inda gefen hanya ya zaizaye. Boxer in ya karkata sai ka tokare da ƙafa ka miƙar da shi. Wannan in ya wuce wani mizani na karkata, babu ƙafar da za ta riƙe shi, sai dai ku tafi ƙasa tare, kuma mutum ɗaya ba ya tayar da shi cikin sauƙi.

Sannan cikinsa yana kusa da ƙasa, an kuma lulluɓe shi da roba tun daga fitila har ƙasan inji. Hanyar Garwa zuwa Ngaundare ka san ta. Ita ce manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Cadi suke bi dare da rana, akwai inda take lafiya, akwai inda ramuka suka cinye ta, ga tudun rage gudu a bakin garuruwa irin su Ngong da Guna da Mbe. Ƙafafun wannan babur na zubi ne, ba masu waya ba. Ƙafa mai waya in ta faɗa rami takan lanƙwashe a buga ta ta miƙe. Ta zubi takan tsage, in kuma ta tsage iska ta fita nan take, gyaranta sai canji. Robobin jikinsa ma haka: faɗuwa ɗaya na iya fasa madubi ko murfin gefe, ba kuwa a Kasuwar Garwa za ka same su ba.

Ga kuma zafi. An yi masa gilashi da robobin gaba ne domin su tare wa mahayi iskar sanyi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, iskar da kake nema ce suke tarewa, zafin inji kuma yana hawowa ƙafafu. In fankar lagireto ba ta tashi a kan kari, a cikin cunkoson gari injin zai tafasa.

Abu ɗaya da zan yaba masa a wannan hanya shi ne hawan Falez, wato dutsen da ake hawa kafin a isa Ngaundare. Daga Garwa da ke ƙasa-ƙasa zuwa Ngaundare da ke sama da mita 1,000, ƙaramin babur mai goyo yana hawan dutsen nan da kuka da giya ta biyu, manyan motoci na hura masa hayaƙi. Wannan kuwa ko a jikinsa. Amma abin da aka hau sai an sauko, kuma a gangaren ne kilo 450 ke neman birki na gaske.

Mai da kayan gyara

Yana shan wajen lita 6 a kilomita 100, fiye da ninki biyu na Boxer. Zuwa da dawowa kilomita 560 ke nan, kusan lita 34. A farashin sefa 840 da aka tsayar a Fabrairun 2024, ka kashe dubu 28 da 'yan kai a mai kaɗai. Ka gwada wannan da kuɗin tikitin mutum biyu a ajans, za ka ga ba don sauƙin kuɗi ake sayen irin wannan babur ba.

Kuma ba ya son zuwa-zuwa, wato man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya. Boxer kafireto ɗaya gare shi, in ya toshe yaron gareji zai kwance ya hure shi kafin ka gama shan shayi. Wannan kafireto huɗu gare shi, a binne a tsakiyar inji, sai an cire robobi da akwatin iska kafin a kai gare su, bayan an wanke kuma sai an daidaita su da ma'auni su riƙa numfashi tare. Na buɗe na wani da aka daɗe ana ba shi man kwalba. A ƙasan kowane kofi akwai jan laka mai laushi kamar an tace ruwan rafi, ƙananan ramukan da mai ke bi a lokacin da inji ke tsaye duk sun toshe, robobin da ke riƙe da kafireton sun bushe sun tsattsage suna shan iska ta gefe. Mai shi yana ta canza fulogi yana zargin wuta. Sa'ar da aka yi ita ce tankin babba ne: in ka cika a gidan mai a Garwa zai kai ka Ngaundare da saura mai yawa, ba ka da hujjar tsayawa wurin mai kwalba a hanya.

Kayan gyara su ne inda na fi jin tsoro a kanka. Tayar bayansa lamba 160/70-17 ce, ba irin wadda ake rataye wa a shagunan kayan babur na nan ba. Sai an aiko daga Duwala ko Yawunde, wani lokaci daga Turai. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka kayan yuro 100 ya zama dubu 65 da ɗari shida tun kafin kuɗin aike da na duwan, wato kwastan. Ban da jira. Akwai wani Gold Wing, shi ma babban babur na Honda, da ya daɗe a bayan garejinmu a ƙarƙashin tampol, inji lafiya, kujera kamar ta falo, abin da ya kwantar da shi ƙaramin kayan wuta ne da ba a samu ba. Mai shi ya koma hawan ƙaramin babur ɗinsa.

ST1100 na da wuraren rauni da aka san shi da su, kuma ƙirar 1994 ta faɗa cikin na farkon. Kafin 1996 altanetonsa, wato na'urar da ke cajin batir, mai amfiya 28 ne, an san shi da mutuwa da yoyon baƙin mai, daga 1996 aka sa mai amfiya 40 wanda ya fi ƙarko. Canza shi babban aiki ne domin a bayan inji yake, sai an cire tayar baya da ƙarfen da ke riƙe da ita. Shi wannan ƙarfen ma abin dubawa ne: gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin sa daga ciki, fenti na nan lafiya a sama, ƙasa ya ruɓe. Akwai bel ɗin roba mai haƙora da ke juya bawul, wanda in ya tsinke inji na gudu, bawul da fistin sun haɗu, inji ya lalace. Ko mita ta nuna bai yi tafiya da yawa ba, robar da ta shekara 30 ba abar amincewa ba ce. Sai kuma tiyoyin ruwa da ke ƙarƙashin kafireto, waɗanda ke yoyo a ɓoye.

Yadda za ka duba shi

Ka ce an tayar da shi a gabanka. Tambayata ita ce, da sanyinsa ko an riga an ɗumama shi kafin ka iso? Ka koma da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi, sannan a tayar. Inji mai lafiya zai tashi ba gardama, ya zauna daidai ba tare da ana murza masa mai ba. Shuɗin hayaƙi alamar yana ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi alamar ruwa na shiga silinda. Ka duba baƙin man, in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi, ka yi sallama ka tafi. Ka bar shi yana aiki a tsaye har allurar zafi ta hau, ka ji da kunnenka fanka ta tashi ta kuma tsaya.

Ka tafi da makanike mai mitar wuta. A kan batir, in an ɗan ba shi mai, ya kamata a ga tsakanin volt 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, altaneton nan da na ambata ya gaza ko yana hanya. A ɗora babur a kan jak na tsakiya, a girgiza tayar baya hagu da dama, kada a ji wasa. A haska tocila a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da ita a ƙwanƙwasa da sukundireba. A ɗaga gaba a juya kai a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. A shafa sandunan shok na gaba, in hannu ya fito da mai, sil ya mutu, kuma man nan kan gangara ya jiƙa birki.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2315, mako na 23 ne na 2015. Tayar da ta wuce shekara 6 takan bushe ko da zanenta na nan, kuma busasshiyar taya a kan kwalta mai zafi da nauyin mutum biyu ita ce abin da ba na so ko a mafarki.

Kafin duk wannan ma, takardu. Lambar shasi da ke jikin wuyan babur ta yi daidai da ta kat-giriz, wato takardar rajistar babur, harafi da harafi. A nuna maka takardar duwan ta asali. Babban babur da ya shigo ta bayan fage yakan yi araha ƙwarai, amma ba ya ɓuya: ƙaramin babur kan saje cikin 'yan kilando masu haya da babur, wannan kuwa kowane shinge sai an tsayar da shi an dudduba. A yi takardar ciniki da shaidu, ka yi inshora, lasisinka na rukunin A ya kasance a aljihu. In mai sayarwa ya fara cewa takardu na zuwa daga baya, kuɗinka ma su zo daga baya.

Ita wadda za a goya

Malam, a nan ne na fi so ka tsaya ka yi tunani, domin kai ka zaɓi babur, ita kuwa amana ce a bayanka. Ka tambaye ta tukuna, tsakani da Allah, ko tana son tafiyar awa huɗu ko biyar a kan mashin. Wata tana so, wata kunya ce za ta sa ta yi shiru.

In tana so, akwai sharuɗɗan da ba a sassauta su. Zaman gefe da wasu matanmu ke yi a kan ƙaramin babur a cikin gari ba ya yiwuwa a nan. Dole ta zauna ƙafa ɗaya kowane gefe, tafin ƙafa a kan matakai, don haka sai da wando mai kauri a ƙarƙashin sutura da takalmi rufaffe. Bakin zani da na hijabi da gyale a tattare su a soke, kada a bar komai yana kaɗawa. Rashin sarƙa ya rage haɗarin, amma taya na nan tana juyawa, kuma salansa biyu gare shi, hagu da dama, masu ƙona ƙafa. Hular kwano biyu za ka saya, masu rufe haɓa, tata daidai kanta, a ɗaure igiyar. Ka sa kuɗinsu cikin kuɗin babur tun yanzu.

Ka koya mata kada ta hau ko ta sauka sai ka kafa ƙafafu biyu ka ce mata bismillah. A kwana ta bi jikinka, kada ta miƙe don tsoro. Kai kuma ka sani birki da goyo ya fi nisa kafin ya tsaya. A ƙara iskar taya zuwa abin da aka rubuta a jikin babur, a ɗaure shok na baya ya yi tauri daidai nauyin mutum biyu. In shok ɗin ya riga ya saki, babur zai zauna ta baya, gaba ya yi sauƙi, ya riƙa lilo a kwana. A canza man birki gaba ɗaya da sabo mai lamba DOT 4 kafin tafiyar farko, saboda tsohon mai ya sha ruwa, in ya yi zafi a gangaren Falez sai ka matsa ka ji hannu ya shige babu komai. A gangaren nan da giya ake sauka, birki taimako ne kawai. Kuma kada magariba ta same ku a hanya: shanu na tsallakawa, manyan motoci na lalacewa a tsakiyar titi ba fitila sai ganyen da aka jera.

Shawarata

In miliyan ɗayan nan ita ce duk abin da ka tara, kada ka saya. Ba na shakka a kan wannan. Wanda zai sayi irin wannan babur ya kamata bayan ya biya ya rage da aƙalla rabin kuɗin a hannu, domin taya biyu, batir, bel, tiyoyin ruwa, birki, wankin kafireto da huluna, tun kafin uwargida ta hau. In kana da wannan rarar, takardu sun cika, altaneto na caji, ƙarfen baya bai ruɓe ba, kuma akwai makanike a kusa da ya taɓa kwance irinsa, to ana iya saye, da sharaɗin ka riƙe Boxer ɗinka domin zirga-zirgar gari.

In kuwa ni ne ke neman babur na goyo a wannan yanki, matsakaici zan nema mai dogayen ƙafafu, irin Honda Transalp 600 ko 650. Silinda biyu, kafireto biyu, nauyi wajen kilo 200, tayar gaba inci 21 mai waya da tub a ciki wadda kowane mai faci a bakin hanya zai iya yi mata aiki. Yana shanye rami, yana shiga hanyar ƙasa in damina ta ɓata kwalta. Kujerarsa ba ta kai ta Pan European daɗi ba, kuma sarƙa gare shi, sai an kula da sutura sosai. Shi ma tsoho ne mai nasa ciwon: a cire murfin ƙaramin sufuroket na gaba a duba haƙoran sandar da yake zaune a kai, in sun cinye gyaran sai an raba inji biyu. Sau da yawa kuma ya fi Pan European tsada a kasuwa, saboda masu nemansa sun fi yawa.

Akwai kuma hanyar da ba ta da armashi amma tana aiki: tafiyar Ngaundare a motar ajans, musamman da damina ko in akwai juna biyu ko jariri, babur kuma ya tsaya a tafiye-tafiyen kusa. Da ƙaramin yaro a tsakaninku kam ban yarda a hau wannan hanya a kan kowane irin babur ba.

In ka saya, kada tafiyarka ta farko da goyo ta zama Ngaundare. Ka yi makonni kana hawansa kai kaɗai har hannunka ya saba da nauyinsa a yashi da kwana da tsayawar gaggawa. Daga nan ka ɗaura buhun masara a kujerar baya ka sake koyo. Sannan ka ɗauki uwargida zuwa Pitowa da ke kusa da Garwa ranar Lahadi ku ci kasuwa ku dawo, wani makon ku je Lagdo. In kun dawo ka tambaye ta bayanta da gwiwoyinta, ka kuma duba ƙarƙashin babur ko akwai ɗigon ruwa ko na mai a inda ya kwana.